Me Za A Nuna Wa Baƙo A Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa saukar baƙo a Maraɗi ya san inda gizo ke saƙa. Baƙo ya sha ruwa, ya ci abinci, ya miƙe ƙafa, da la'asar sakaliya sai ya dubi mai masaukinsa ya ce, “Malam, a zaga da ni mana in ga gari.” Nan mai gida zai fara sosa ƙeya. A kai shi babbar kasuwa, in ya taki sa'a ranar Litinin ce ko Juma'a. A biya da shi ta ƙofar fadar Sarkin Katsina ya hangi zaure ta tagar mota. A tsaya wurin mai balangu. Kafin kiran magariba an dawo gida, yawo ya ƙare. In ya nemi ƙari, amsar da zai samu guda ce: Maraɗi garin nema ne, mai son kallo ya wuce Damagaram ko Agadas. Maraɗawa da bakinsu suka fi kowa yaɗa wannan magana, har ta zauna kamar karatun allo. A ganina kuskure ce, kuma tushen kuskuren shi ne yadda muka ɗauki abin kallo. Mun ɗauka sai gari yana da hasumiya irin ta Agadas, wadda aka fara ɗagawa tun wajen 1515, kafin ya cancanci a yi tattaki dominsa.

A dubi manyan biranen arewacin Turai, inda mutane ke zuba kuɗin jirgi don su je buɗe ido. Cikin abubuwan da suka fi tara jama'a a Sitokholm, babban birnin Suwidin, akwai wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Vasa. A tafiyarsa ta farko, a 1628, bai ci ko kilomita 2 ba iska ta kaɗa shi ya kife a gaban idon ƴan kallo, don an yi masa lodin nauyi a sama, gindi ba ƙarfi. Abin kunya ne ga sarki da maƙeransa. Ya shekara 333 cikin laka, aka tsamo shi a 1961, aka gina masa gida na kansa da aka buɗe a 1990, yau kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ke shiga ganinsa a shekara. A Kopanhagen ta ƙasar Danmak, abin da kowa ke rububin ɗaukar hoto da shi wani mutum-mutumin tagulla ne na ƴar ruwa da aka ɗora kan dutse a bakin teku a 1913, tsayinsa bai wuce mita ɗaya da kwata ba, darajarsa kuma daga wata tatsuniya ta Hans Christian Andersen take. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne Skansen, a Sitokholm ɗin dai. A 1891 wani malami, Artur Hazelius, da ya ga masana'antu na cinye rayuwar ƙauye, ya shiga sayen gidajen manoma da rumbunansu, yana warware su gungume-gungume yana sake haɗa su kan wani tudu. Yau gine-ginen sun kai kimanin 150, da masu sana'a a ciki suna aiki irin na da. Jirgin da ya nutse, ɗan gunki, da bukkokin talakawa ke nan. Abin da ya ɗaukaka su biyu ne: an adana, an kuma yi bayani. Dabarar ma ba baƙuwa ba ce a Nijar, don gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959 yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, a kan irin wannan tunani ya tara samfurin gidajen ƙabilun ƙasar da rumfunan masu sana'ar hannu.

Gaskiya ne Maraɗi ba ta da tsofaffin gine-gine, kuma akwai dalili. Tsohon birnin a cikin fadamar gulbi yake. A daminar 1945 ruwa ya taso ya cinye shi, soraye suka narke suka koma ƙasar da aka ɗebo su. Mahukuntan Faransa suka mai da garin kan tudu, suka ja masa layuka miƙaƙƙu da igiya, shi ya sa titunan tsakiyar Maraɗi suke kamar gidan dara, babu lungunan nan masu karkacewa na Birnin Damagaram ko cikin ganuwar Kano. Daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe, bayansa fataucin kan iyaka, aka sami alhazan da Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi sukutum a kansu a 1986. Garin da ƙidayar 2012 ta ba mutum 267,249 garin siminti ne da kwano. Sai dai ruwa bango kawai ya tafi da shi. Mutanen da suka hau tudu sun hau da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Limanci, Maraɗawa, Ƴanɗaka. Wanda ya san karatun sunayen nan, taswirar tsohon birni ce a hannunsa. Limanci ta gaya masa inda malamai suke, Ƴanɗaka kuwa sunan sarauta ce, sarautar da ta girmi garin kansa.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da Maraɗi ke da shi wanda babu kamarsa a ƙasar Hausa. Da mayaƙan jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya fita gudun hijira. Bayan faɗuwar garin Ɗankama da suka fake a ciki, inda labari ya ce Sarki Magajin Halidu ya faɗa rijiya don baƙin ciki, Ɗan Kasawa ya ja ragowar jama'a zuwa Damagaram, daga baya ya zo ya kafa gadonsa a Maraɗi wajen 1819. Bai kira kansa sarkin wani sabon gari ba, Sarkin Katsina ya ci gaba da amsawa, haka magadansa har gobe. Gobirawa ma haka ta same su. Babban birninsu Alƙalawa ya faɗi a 1808, sarkinsu Yunfa ya mutu a cikinsa. A yaƙin Gawakuke na 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron dangin Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarki Rauda na Maraɗi duk suka kwanta a fagen. Bayan wannan ne Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wadda takardun hukuma ke rubutawa Tibiri, tafiyar ƴan mintoci da mota daga Maraɗi. Wato biyu daga cikin Hausa Bakwai, waɗanda a da makwabta ne masu yawan gwabzawa, wuya ta haɗa su a bakin gulbi ɗaya. Tsarin sarautar da aka sake wa fasali a kudu, a nan ya ci gaba da tafiya a kan tsohuwar turbarsa. A Maraɗi akwai Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴanɗaka, manyan da zaɓen sarki ke hannunsu, akwai kuma Iya. A Tsibiri akwai majalisar Tara ta Gobir da Inna, mace mai sarauta da faɗa a ji. Wanda ke son ya ga inuwar yadda fadar Hausa take kafin ƙarni na 19, nan zai zo. Tun a 1851 Bajamushe matafiyi Adolf Overweg ya ratse ya zo Gobir da Maraɗi don ya gani da idonsa. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga masarautun biyu zuwa matsayin da dokar ƙasa ke kira na sultan, daidai da Agadas da Damagaram.

Kuma wannan tarihi yana yawo da ƙafarsa. A tsaya a filin ƙofar fada ranar Sallah, bayan an sauko idi. Ƙura ce ke fara isowa, sai ƙarar algaita ta tsaga ta, sai dogarai cikin ja da kore suna buɗa hanya. Kowane basarake da tawagarsa, dokinsa da kayan ado, maroƙinsa na gefe yana jero masa kakanni. Mai kallo da ba a gaya masa komai ba zai ga dawaki da rawuna, ya ɗauki hoto da salula ya koma gida. Wanda aka raɗa wa cewa mahayin can Ƙaura ne, jagoran yaƙi, kuma kirarin da ake yi masa ya ratso ta zamanin Ɗan Baskore, sarkin da ya yi sama da shekara 20 yana kai hari kudu a tsakiyar ƙarni na 19, wannan ya ga wani abu dabam, alhali idonsu ɗaya. Tazarar da ke tsakanin mutanen nan biyu ita ce duk matsalar yawon buɗe ido a Maraɗi. Kaya na nan, tafinta ne babu. Haka filin kokowa yake. An sa masa sunan Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan jihar da ya ɗauki takobin farko da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, amma yaro nawa cikin masu cika filin za su iya gaya maka ko wane ne shi?

A fita bayan gari kuma. Kudu kaɗan akwai Jiratawa, inda tun farkon shekarun 1980 aka shimfiɗa filin noman rani na sama da hekta 500, ana ba shi ruwa daga rijiyoyin burtsatse, tunda gulbin da damina kawai yake gudu. Da sassafe a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya yi fari fat, can za ka tarar da zogale kore shar, an sare shi daidai ƙugu don ya yi ta tofo, mata na tsinke ganye suna danna shi cikin buhuna, motoci na jiran lodi zuwa kasuwannin nesa. Mutumin da ya taso daga ƙauyen da rani ke nufin zaman kashe wando ko tafiya cin rani, in ya tsaya minti goma a bakin wannan fili, ya koyi abin da taron bita na kwana uku ba zai koya masa ba. Gaba da nan akwai tafkin Madarumfa da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa suna kewaye da shi, waɗanda Nijar ta sa tun 2006 cikin jerin wuraren da take fatan UNESCO ta amince da su. Ko gawon da ke tsaye cikin gonaki yana da labari, don a yankin Maraɗi ne tun 1983 Tony Rinaudo da manoma suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya tofo a yi masa sassabe, dabarar da aka ƙiyasta ta mai da itatuwa kan hekta miliyan 5 a Nijar, har masana ke tasowa daga wasu nahiyoyi su gani. Jar akuyar da duniya ta sani da sunan garin tana nan a kowane lungu. Mai ƙarfin tafiya kuma ya nufi arewa, dajin Gadabeji, inda aka mai da raƙuman dawa a 2018.

Mai musu zai ce duk wannan zance ne, tunda Turawa sun daina zuwa. Ƙasashensu sun daɗe suna gargaɗin ƴan ƙasarsu game da Nijar, ƴan bindiga sun addabi ƙauyukan kan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, hulɗa da Faransa kuma ta lalace bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Duk gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai tura baƙo inda ake satar mutane. Sai dai wa ya ce baƙo sai Bature? Agadas da ta jingina cinikinta ga jiragen Turai ta ga yadda abin ke tsinkewa dare ɗaya in tsaro ya taɓu. Baƙon Maraɗi na gaskiya yana Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ta Jibiya da Ɗan Isa. Yana Kano da Daura da Sabon Birni da Isa. Yana Yamai cikin ma'aikatan da ƴaƴansu ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Miliyoyin mutane ne masu harshe ɗaya da mu, masu cin tuwon da muke ci, ba su bukatar otal mai tauraro. Da yawansu ma suna zuwa, don biki ko ta'aziyya ko saro kaya, su kwana biyu su koma ba wanda ya ce musu ga gidan da sarautar garinsu ta koma. Bakatsinen da ya hau hasumiyar Gobarau, ya leƙa rijiyar Kusugu a Daura, rabin labari ya ji. Ragowar na wannan gefen iyaka. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulki, sun nuna wannan hanya ma tana iya toshewa, amma ko a lokacin zumunci bai yanke ba, kuma hanya ce da ke sake buɗewa don dole.

Musu na biyu ya fi nauyi: jihar da ta ga yunwar 2005, wadda asibitocinta ke cika da yara masu tamowa duk damina, ina ta ga kuɗin gidan tarihi? Ba zan ce yawon buɗe ido zai ciyar da Maraɗi ba, wanda ya faɗi haka yaudara yake yi. Amma a tuna an riga an kashe kuɗin ƙawata gari. A Disamban 2015, da bikin zagayowar ranar Jamhuriya ya faɗo kan Maraɗi, an yi shirin Maraɗi Kwalliya, aka zuba kwalta, aka yi gine-gine, aka gyara mahaɗar tituna. Gari ya amfana, ba a musu. Sai dai kwalliyar ta fi karkata ga abin da kowane gari ke iya saye in yana da kuɗi. Abin da nake magana a kai bai kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba: alluna da Hausa, boko da ajami, a ƙofar fada da bakin tsohon gari da mashigar kowace tsohuwar unguwa, ƴan samari goma ko ashirin da aka koya wa tarihi suka zama ƴan jagora, ko da daga cikin masu kabu-kabu ne, waɗanda dama su ne ke ɗaukar baƙo daga tasha, ɗan littafi na jika guda da za a sayar a tasha da kasuwa, da gida ɗaya na tubali da azara da zankwaye, da rumbu da turaka da maƙera da masaƙa, wanda maginan gargajiya za su gina su riƙa yi wa yaɓe duk shekara. Ginin ƙasa ba ya son sakaci, shi ne aibinsa, shi ne kuma amfaninsa, don muddin ana gyara shi sana'ar ba za ta mutu ba. Garin da attajiransa ke gina masallatai da makarantu daga aljihunsu ba zai ce wannan ya fi ƙarfinsa ba. Hazelius ma ba gwamnati ba ne, da roƙo da gudummawar jama'a ya fara.

Akwai kuma maganar addini, wadda ba a son faɗa a fili amma ita ce a zukata. Tarihin fadojin nan a cakuɗe yake da bori da buɗin daji da al'adun Anna, wato Maguzawa, waɗanda masani Guy Nicolas ya shekara da shekaru yana nazari a wannan kwari. Sarautar Iya da ta Inna suna da alaƙa da wannan fage. Maraɗin yau kuwa garin wa'azi ne, kuma ba a manta da tarzomar Nuwamban 2000 ba, lokacin da fushin bikin nunin tufafi na FIMA da aka yi a Yamai ya sauka a kan mashaya da coci da wuraren da ake dangantawa da bori a nan. Ko ziyarar kaburburan Madarumfa ba a rasa saɓani a kanta tsakanin ƴan ɗariƙa da ƴan Izala. Mai tsoron kada a farfaɗo da shirka da sunan al'ada yana da hujjar da ya kamata a saurara, kuma ni ma ba na goyon bayan a riƙa shirya wasan bori don a burge baƙo. Wannan cin fuska ne ga malamai, wulaƙanci ne kuma ga masu abin. Amma faɗin abin da ya faru dabam, aikata shi dabam. Masar ba ta fita Musulunci ba don ta adana gawarwakin fir'aunoni, Saudiyya da kanta ta kai Mada'in Salih gaban UNESCO aka amince da shi a 2008. Yaron da aka ɓoye wa abin da kakanninsa suka yi bai ƙara imani ba, jahilci kawai ya ƙara, kuma ranar da ya ji labarin daga bakin wani, yadda wancan ya ga dama zai ji shi.

Daga Sakkwato kuma ana iya cewa tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. A littattafan masu jihadi Maraɗi da Tsibiri sansanin masu tawaye ne. A bakin maroƙan nan kuwa su ne masu gida da aka kora. Ba dole sai an sasanta riwayoyin biyu ba kafin a nuna wa baƙo, a faɗa masa duka, ya auna. Mutanen da suka mai da tsohuwar gaba wasa, har Bagobiri da Bazabarme ke yi wa juna tsiya a bainar jama'a ba mai fushi, wasan da UNESCO ta sa cikin gadon ɗan Adam da sunan Nijar a 2014, ba su ne za su kasa jin labarin Gawakuke ba. Suwidawa jirgin da ya kunyata sarkinsu suka sa a tsakiyar gari, suka rubuta dalilin kifewarsa ɓaro-ɓaro a bango, ba su ragu da komai ba.

Abin da ke sa maganar ta zama ta gaggawa lissafi ne mai sauƙi. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Duk ranar da ya kammala, jirgin zai ratsa garuruwan da labarinsu ke ƙarewa a nan, ya sauke mutanen da za su yi tambayar da baƙon farkon zancen nan ya yi. Ɗaya gefen lissafin kuma ba ya jira. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na cikin gari, ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, kowannensu da na'urar ɗaukar murya a aljihu. Yaron da yake da shekara 10 ranar da ruwa ya ci tsohon birni yau ya kai 90. Ƴan kaɗan ne suka rage a Bagalam da Mokoyo da Limanci waɗanda in aka riƙe musu hannu aka gangara da su fadama za su iya tsayawa tsakiyar gonar wani, su nuna da sanda su ce nan ne kasuwa take, can ƙofar fada, ta nan ruwan ya shigo.